Ɗinkin Da Ba A Gwada Ba

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo tun safe, wai na bar Auta tsaye da leda a hannu, ku sassauta min, ga ta nan. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ya matso kusa, ba zai ɓata ba.

*

Kacau!

Ƙarar da ledar ta yi ke nan lokacin da Auta ta miƙa wa wani malamin makaranta. 'Yar ƙara ce, ba ta taka kara ta karya ba. Da wani ne tsaye a bakin shagon ɗinkin, ko juyowa ba zai yi ba. To amma Yaya ne, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran fanka da rediyo a shagon da ke manne da nata. Mutumin da zai ji fanka na juyawa a gidan maƙwabta ya ce maka noti ɗaya ya kwance, ka je ka duba ka tarar haka ne.

Malamin ya rungume ledar a ƙirji, ya yi murmushin dole.

"An gode, Anti Tela. Ɗinki ya yi kyau."

Ko buɗewa bai yi ba. Ya raɓa ta gefen Yaya ya fice, har da tuntuɓe a dakali.

Yaya ya shigo ya ajiye fankar da ta ba shi gyara, ya zauna a bencin masu jira. Nan gaban Auta ya faɗi. Yaya ba ya zama a shagonta, kullum a tsaye yake ba da umarni ya wuce.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wane irin yadi ne yake kacau-kacau?"

"Maɓallai ne."

"Maɓallai."

Ya ɗauki kofin ruwanta da ke kan teburin yanka, ya kurɓa.

"A gindin keken Inna na girma, kafin a san za a haife ki. Na san ƙarar maɓalli a gwangwani, na san ta a leda. Wannan ba ita ba ce."

Auta ta sunkuyar da kai tana warware zaren da bai sarƙe ba.

Gaskiyar Yaya ce, ba maɓallai ba ne. Maganin HIV ne. A da, kowa shi yake zuwa asibiti ya karɓi nasa, ya wuni a layi a gaban wata ƙofa da duk wanda ya wuce ya san ta su waye. Mutane da yawa suka daina zuwa saboda ido. Sai masu shan maganin suka haɗa kansu, suka yi ta sintiri wurin manyan asibitin har aka gaji da ganinsu, aka yarda: wanda jikinsa ya daidaita da magani, ƙungiya ta riƙa karɓo masa, shi kuma ya je ganin likita in lokacinsa ya yi. Shagon Auta aka zaɓa wurin rabo, don ba wanda ake tambaya me ya kai shi wurin tela. Ka shigo ka ce, "Ɗinkina ya yi?" a miƙo maka leda, ka kama gabanka.

Ita take cusa ƙyalle a cikin kowace robar magani don kada ta yi ƙara. Yau sauri ya sa ta tsallake ɗaya, kuma ita ce ta faɗa kunnen Yaya.

Doka ɗaya ƙungiyar take da ita wadda ba a wasa da ita: kowa da bakinsa, ba mai faɗin na wani. Kuma a bayan labulen da ke ƙuryar shagon, cikin ledojin da ke rataye, akwai ta Maman Biyu, matar Yaya. Ta fi shekara tana sha, mijinta bai sani ba. Auta ta roƙe ta, uwar ƙungiya ta zaunar da ita ba sau ɗaya ba, kullum amsarta ɗaya ce: zan faɗa masa, ku bar ni in shirya, ina tsoron ya kore ni ya riƙe min yara. Yau kuma ranar karɓarta ce, daga kasuwa za ta biyo.

"Na jima ina kallonki," in ji Yaya. "Kin ɗauka in na sunkuya a kan rediyo ba na gani?"

"Me ka gani?"

"Mutane na shigowa, ɗinkina ya yi, ɗinkina ya yi. Ban taɓa ganin ɗayansu ya kawo yadi ba. Ban taɓa ganin kin ɗora musu tef ba. Wace irin tela ce ke, mai ɗinki ba gwaji?"

"Akwai waɗanda na san awonsu da ka."

"Malamin nan rigarsa ɗaya ce, mai ruwan toka, har wuyanta ya koɗe. Amma duk bayan 'yan watanni ɗinkinsa ya yi. Ina yake kai kayan? Ci yake yi?"

Da a wani wurin ne da Auta ta yi dariya. Sun yi tunanin komai a ƙungiya, leda baƙa, ƙyalle a roba, kada a gaisa a titi sai in ɗayan ne ya fara. Ba wanda ya tuna cewa mai karɓar ɗinki sai ya fara kawo yadi an gwada shi. Ita da take tela ma abin bai taɓa zo mata ba.

"Ga mai gadin nan, ga mai sayar da katin waya, har wata mai mota da gilashi. Auta, kalle ni."

Ta ɗago.

"Ƙwaya kike sayarwa?"

"Haba Yaya! Ni?"

"Ke fa. Yaran layin nan duk sun lalace, suna tafe suna layi da rana tsaka. Ina ta zagin mai sayar musu, ashe a jikin bangona yake."

"Wallahi ban taɓa sayar da ƙwaya ba."

"To buɗe labulen."

"Ba zan buɗe ba."

Ta faɗa ne kafin ta yi shawara, kuma tana faɗa ta miƙe ta tsaya a gaban labulen. Tun da take, ba ta taɓa ce wa Yaya ba za ta yi ba. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ta shagon nan da mijinta ya rasu, keken ma shi ya ɗauko mata a kafaɗa.

"Me kika ce?"

"Kayan mutane ne. Amana ce."

"A shagona?"

"A shagonka, amma ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Ya zaro waya daga aljihu, ya ajiye a gwiwarsa.

"Shi ke nan. Ko ki buɗe in gani ni kaɗai, ko in kira hukuma su buɗe a gaban duk layin nan. Ba zan rufa wa mai kashe 'ya'yan mutane asiri ba, ko da cikinmu ɗaya."

Kuma zai kira, ta san halinsa. Ta hango motar a ƙofar shago, mutane sun yi dafifi, ana zazzage ledoji a kan dakali. Daga baya za a gane magani ne na asibiti, a ba da haƙuri. To haƙurin me, bayan duk layin sun gama lissafa wa da wa suke shiga wurin Anti Tela? Malamin zai rasa ajinsa. Asibiti za su ce da ma sun faɗa, a koma layin ƙofar nan. Maman Biyu kuma a bakin 'yan kallo mijinta zai ji.

Na mutum ɗaya kawai take da ikon faɗa.

Ta jawo aljihun keken, ta ɗaga kwalin allurai, ta ɗauko wata farar roba ta ajiye a kan tebur. Ta zare ƙyallen ciki, ta girgiza.

Kacau.

"Ita ce ƙarar?"

"Ita ce."

"Wannan tawa ce. Kullum ɗaya nake sha. Maganin HIV ne, Yaya. Ina da ita."

A waje wani mai babur yana ta danna hon.

Yaya ya dubi kofin da ke hannunsa. A hankali ya ajiye shi, ya tura shi gefe da yatsa. Auta ta gani, kuma ya yi mata ciwo fiye da zargin ƙwayar.

"Ƙanjamau," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Kalle ni da kyau. Na ƙanjame? Ba kai kake cewa kujerar keken nan ta kusa kai ƙarata ba?"

Bai yi dariya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin mijina ya rasu."

"Inna ta sani?"

"Ita take tuna min lokacin sha, har ta bar duniya."

"Ni kuma aka mai da ni bare."

"Ba bare ba. Tsoron abin da ka yi wa kofin nan yanzu muke yi."

Ya kau da kai. Can sai ya nuna labulen da haɓa.

"Su kuma waɗancan..."

"Ni nawa na faɗa maka. Na wani ba ni da bakin faɗa."

"Ai ba sai kin faɗa ba."

"To abin da ka gane, ka gane. Zan je da ƙafata in gaya wa uwar ƙungiyarmu cewa sakacina ya jawo, su yanke min abin da suka ga dama. Amma Yaya, in maganar nan ta fita daga bakinka, akwai wanda zai rasa aikinsa, akwai wadda za a kora daga gidan haya. Mun sha gani. Muna da mai tsaya mana a irin wannan, har gaban alƙali, don ba wanda yake da ikon korar mutum saboda jininsa. Sai dai kafin a ƙwato maka haƙƙinka an gama cin mutuncinka a titi."

"Barazana kike min?"

"Roƙonka nake yi."

Ya shafa fuska da tafin hannu.

"Me ya hana su zuwa asibiti kamar kowa? Sai a shagona?"

"Ka san inda ake karɓa a can? Wata ƙofa ce a ƙarshen baranda, da dogon benci, kowa ya zo wucewa sai ya..."

"Mai koren fenti."

Auta ta tsaya.

"Ya aka yi ka sani?"

"Na taɓa gyara musu fanka."

Ya faɗa da sauri, yana duban ƙasa. Ita ma ba ta bi ta kai ba, hankalinta na kan titi. Rana ta fara yin sanyi, 'yan kasuwa sun fara dawowa.

"Ka ce ban taɓa gwada su ba," ta ce. "An gwada su, Yaya, ba dai da tef ba. Kuma sun fi wanda bai san matsayinsa ba kwanciyar hankali. Wanda yake shan maganin nan yadda ya kamata, ƙwayar cutar kwanciya take yi, har a auna jini a kasa ganinta. Ba ya sa wa matarsa, ba ta sa wa mijinta. Ballantana kofi."

"Ya isa."

Ya miƙe, ya mayar da wayar aljihu. Ya koma Yayan da ta sani, mai magana a tsaye.

"Ba wanda zai ji daga bakina. Ke ƙanwata ce, ba zan yar da ke ba. Amma wannan rabon ya bar shagon nan, ku nemi wani wuri."

"Yaya, mutane sun saba da..."

"Ban gama ba. Maman Biyu ba za ta ƙara taka nan ba. Yaran ma in an taso su daga makaranta, su zauna a wurina, ba wurinki ba. Ni gidana tsaf yake, kuma haka nake so ya zauna."

Yaran da Auta take yi wa kitso a kan cinyarta, yau su ake tsarewa daga gare ta. Ga shi tsaye yana bugun ƙirji da gida tsaf, ita kuma ta san abin da ke cikin gidan. Shi kuma jininta ne. In yana ɗauke da cutar bai sani ba, kowace rana cinsa take yi. Kwanan nan ma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga tarin da yake cewa hayaƙin dalma ne. Kalma ɗaya za ta faɗa ya tafi asibiti gobe. Kalmar kuma ba tata ba ce.

"Kai ka taɓa yin gwaji?" ta ce.

"Ni? Me na yi?"

"Ni me na yi?"



Iska ta shigo ta ɗaga gefen labulen. Ledojin suka bayyana, jere a kan ƙusoshi. Ba suna a jikin ko ɗaya, Auta ba ta yarda da rubutu ba. Kowace da ƙyallen da take ɗaure bakinta da shi, da haka take gane mai ita. Idon Yaya ya tsaya a kan ta ƙarshe, mai ɗaurin atamfa shuɗiya da zanen ganye.

"Wancan ƙyallen."

"Wanne?"

"Shuɗin. Ni na sayo atamfar nan da hannuna. Mai shagon ya ce min ita kaɗai ta rage."

"Ni na ɗinka mata ai. Ragowar ce, duk abin da hannuna ya kai kansa da shi nake ɗaurewa."

Ƙarya ce, kuma muryarta ta yi rawa wurin faɗa. Mai jin kwancewar noti a gidan maƙwabta ba zai kasa jin wannan ba. Ya zuba mata ido, ita kuma ta zuba wa almakashi.

Sai ga takun takalmi a dakali.

"Ƙanwar miji, uwar iyayi! Ɗinkina ya..."

Maman Biyu ta so ta shigo da raha kamar ba ta ji komai ba, amma sai ta tsaya a bakin ƙofa da jakar cefane a hannu. Ta dubi mijinta. Ta dubi farar robar da ke kan tebur a buɗe. Ta dubi Auta.

Auta ta yi wuf ta jawo rigunan makarantar 'yan biyu daga kan igiya.

"Ya yi, Anti, ga su. Zif ɗin ne kawai na canza, sai aljihun da ya yage. Ki je, yara na jira."

Har tura mata take yi a hannu, tana yi mata magana da ido: tafi, na rufe, tafi kawai.

Maman Biyu ba ta karɓa ba. Ta ajiye jakar cefanen a ƙasa.

"Tun ina wurin mai katin waya nake jin muryarka, Baban Biyu. Wai gidanka tsaf yake."

"Ɗauki kayanki mu tafi gida."

"Yanzu kuwa zan ɗauka."

"Anti," in ji Auta, "ba dole sai yau ba. Ba wanda ya ce..."

"Na sani. Kin riƙe min, Allah ya saka miki. Kin tona naki don ki rufe nawa, har ana raba ki da yara ina tsaye a waje ina ji. Ya isa haka. Bakina ne, yau zan yi amfani da shi."

Ta ratsa tsakaninsu, ta yaye labulen da kanta, ta sauko da leda mai shuɗin ɗauri. Sai da ta sa haƙori ta kwance ƙullin. Ta fito da robar, ta buɗe, ta zare ƙyallen ciki, ta ajiye ta kusa da ta Auta.

Kacau.

"Wannan ne ɗinkina," ta ce. "Na fi shekara ina sha. Ban san ta inda ta zo ba, kuma ban zo neman mai laifi ba. Na kai yaran an gwada su, lafiyarsu ƙalau. Na yi shiru ne don ina tsoron ka raba ni da su. In za ka kore ni, ka kore ni, amma ka sani ba zan tafi in bar su ba, kuma ba ni kaɗai zan tsaya ba."

Yaya ya koma kan bencin ya zauna.

Maman Biyu ta share ido da gefen mayafi.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Duk gidan nan kai kaɗai ka rage ba a gwada ba. Ka zo mu je gobe, ni zan raka ka."

Auta ta matsa kusa da ƙofa, ta tsaya yadda in ya taso za ta shiga tsakani. Ta shirya wa ihu, ta shirya wa saki, ta shirya wa komai.

Yaya ya miƙa hannu ya jawo kofin da ya ture ɗazu. Ya daɗe yana kallon ruwan ciki, sannan ya shanye.

"Wa ya ce miki ba a gwada ni ba?"

Matan biyu suka dubi juna.

Ya ɗago jajayen idanu ya dubi ƙanwarsa.

"Ƙofar nan mai koren fenti, Auta. Ba fanka na je gyarawa ba."